Firinta tana ɓacewa duk sanda aka ɗauke wuta: MAC ne ko IP?

Auwalu Mai Shago: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimako a kan firintar shagona. Shagon buga takardu ne da fotokwafi a Zariya, kwamfuta uku ne ke tura aiki ga firinta ɗaya ta waifai. Duk sanda aka ɗauke wuta muka tayar da janareta, sai kwamfutocin su nuna firintar Offline take, alhali ga fitilar waifai ɗinta a kunne, ko ƙiftawa ba ta yi. Sai mun cire ta daga kwamfuta mun sake sakawa sannan ta dawo. Ga lokacin buga silif ɗin JAMB ya matso, yara za su cika shago. Na buga takardar bayanan saitinta, na ga lamba iri biyu, ɗaya an rubuta MAC Address, ɗaya IP Address. Wacce ce kwamfuta take nema a cikinsu, kuma wacce zan gyara?

Baba Lado: Wa alaikumus salam. Ɗana, sayi wayar USB ka huta. Ban taɓa jin waya ta ce wa mutum Offline ba.

Auwalu Mai Shago: Baba, waya ɗaya kwamfuta ɗaya take ɗauka. Ni uku gare ni, ga kwastomomi masu son turowa daga wayar hannu.

Ɗan Farm Centre: Oga Auwalu, kafin kowa ya ce komai, yi mana abu ɗaya. Ajiye takardar da ka buga. In an sake ɗauke wuta an dawo da ita, ka sake buga wata, ka jera su biyu ka gaya mana layin da ya canza.

Auwalu Mai Shago: Ai ina da ta jiya da ta yau. MAC iri ɗaya ne a duka biyun. IP ɗin jiya 192.168.0.103, na yau 192.168.0.106.

Injiniya Bala: To, Malam Auwalu, ga amsarka nan a hannunka. Firintarka lafiyarta ƙalau, kuma tana kan waifai. Kwamfutocinka ne suke zuwa nemanta a 103 bayan ta koma 106.

MAC adireshin na'urar ne kanta. Kamfanin da ya ƙera guntun waifai ɗin da ke cikinta shi ya sa mata, kuma da shi za ta zauna ko ka kai ta Legas. Harafi da lamba 12 ne, a jere bibbiyu gida shida. IP kuwa ba nata ba ne, aro ne. Rautarka, wato na'urar da ke watsa waifai ɗin, ita ce ke rabawa duk na'urar da ta shigo, ta hanyar wani tsari da ake kira DHCP, kuma aron yana da wa'adi: wasu rautocin awa 24, wasu awa 2 kacal.

Ka ɗauki motar haya a tasha. Lambar da ke jikin injinta ba ta canzawa, amma lambar layin lodi kullum sabuwa ce, wanda ya riga sammako shi ke gaba. Ƙananan rautoci da yawa suna mance wa suka ba wace lamba da zarar wuta ta yanke. In ta dawo, wayoyin da ke aljihun mutane ba su mutu ba, a shirye suke, nan take za su faɗa kan waifai su kwashe lambobin farko. Firinta kuwa sai ta gama gurnani da ɗumama kanta. Kafin ta zo ta nemi 103 ɗinta, wayar yaronka ta riga ta ɗauke, sai a miƙa mata 106. Kwamfuta ba ta da labari, abin da aka rubuta mata ranar haɗawa shi take bi.

Auwalu Mai Shago: Allah ya saka da alheri, Injiniya. To tunda MAC ne ba ya canzawa, me zai hana in rubuta wa kwamfutar MAC ɗin kawai, ta riƙa nemanta da shi?

Injiniya Bala: Babu gurbin da za ka rubuta shi a Windows don wannan aikin. Manhajoji da IP suke magana. Amma a ƙarƙashin ƙasa MAC ɗin yana aiki, ba ka gani ne kawai. Idan kwamfutarka za ta tura takarda ga 192.168.0.106, sai ta fara yin shela ga duk na'urorin da ke kan rautar: wa ke riƙe da 106? Firinta ta amsa da MAC ɗinta, sannan a ɗora saƙon a kai mata. Wannan shelar ita ce ARP. Kana iya ganin sakamakonta da idonka. Buɗe cmd, wato baƙar tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta ping 192.168.0.106 don ka ji ko firinta za ta amsa, bayan ta amsa ka rubuta arp -a. Za ka ga IP a hagu, MAC a gefensa ƙarƙashin Physical Address. Windows da karan ɗori (-) yake raba gidajen, firinta kuma da ɗigo biyu, amma lamba ɗaya ce.

Shamsu Ɗalibi: Ƙarin bayani a kan na Injiniya. MAC bit 48 ne, wato ana iya samun adireshi kusan tiriliyan 281. Gida ukun farko hukumar IEEE ce ke ba kamfanoni, ukun ƙarshe kamfanin ke rabawa kayansa. IP na zubi na 4 kuwa bit 32 ne, kusan biliyan 4.3 kawai, kuma babbar ma'ajiyarsa ta duniya ta ƙare tun watan Fabrairun 2011. Saboda gudun ƙarewar nan ne tun a 1994 aka keɓe wasu jeri don amfanin cikin gida: masu farawa da 10, masu farawa da 172.16 zuwa 172.31, da masu farawa da 192.168. Waɗannan ba sa fita intanet, don haka 192.168.0.103 na Oga Auwalu yana nan a dubban shaguna a lokaci guda ba tare da rikici ba.

Ɗan Farm Centre: Shamsu, jarrabawa ta kusa ne? Mutum yana neman firintarsa ta buga silif, kai kana ƙirga masa tiriliyan.

Shamsu Ɗalibi: Yaya, ai sai an san tushe. Kuma abin da ya ba ni sha'awa, wannan tsarin na MAC daga kamfanin Xerox ya samo asali, a cibiyar bincikensu ta Palo Alto a Amurka, inda Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka ƙirƙiro Ethernet, wato tsarin haɗa kwamfutoci da waya, a 1973. Ɗaya daga cikin buƙatunsu shi ne kwamfutoci da yawa su tura aiki ga firinta ɗaya ta leza. Matsalar Oga Auwalu ce tun asali.

Baba Lado: Kuma da waya suka haɗa ta. Na gode, Shamsu.

Injiniya Bala: Baba ya ci wannan. Mu koma kan gyara. Malam Auwalu, buɗe burauza a kwamfutar da ke kan waifai ɗin ka rubuta 192.168.0.1, nan ne ƙofar rautarka tunda lambobinka 192.168.0 ne. Masu MiFi na Huawei galibi 192.168.8.1 ne nasu. In mutum bai tabbatar ba, ya rubuta ipconfig a cmd ya duba layin Default Gateway. Bayan ka shiga da kalmar sirri, nemi sashen DHCP, a ciki akwai wurin da ake kira Address Reservation, wasu kuma Static Lease ko IP and MAC Binding. Ka rubuta MAC ɗin firinta, ka ba ta lambar da kake so, ka adana. Daga ranar duk sanda rauta ta ga wannan MAC ɗin, wannan lambar za ta ba shi, ko shi ne ya zo ƙarshe. Amfanin MAC ke nan a wannan maganar: da shi rauta take gane cewa firintarka ce ta dawo.

Maman Hanif: Injiniya, ina da ja a nan. Ni a ofishin makarantar da nake aiki, a jikin firintar kanta na kafa lambar, ban bi ta rauta ba. Dalilina, rautocin da ake ba mu tare da layin data ba duka ke da wurin ajiye lamba ba, musamman ƙananan MiFi. Na biyu, a wajenmu da zarar sabis ya yi rauni wani zai ɗauko tsinke ya danna Reset, duk abin da ka rubuta a rauta ya tafi. Wanda ke jikin firinta kuwa yana nan. Malam Auwalu, rubuta 192.168.0.106 a burauza, shafin firintar zai buɗe. A sashen sadarwa ka mayar da IP daga Automatic zuwa Manual, ka cike gida uku: IP 192.168.0.50, Subnet Mask 255.255.255.0, Gateway 192.168.0.1. Shi ke nan.

Injiniya Bala: Hajiya, hanyarki tana aiki, ban musa ba. Amma tana da tarko biyu da nake yawan zuwa kwance wa mutane. Na farko, sai mutum ya kafa wa firinta 105, alhali rauta tana rabon daga 100 zuwa 199. Rauta ba ta san an kafa ba, wata rana ta ba wayar wani 105, na'ura biyu su riƙe lamba ɗaya. Sai firinta ta buga yanzu, anjima ta ƙi, ba ka gane kanta. Na biyu, ranar da aka canza rauta daga mai 192.168.0 zuwa mai 192.168.8, firinta za ta hau sabon waifai, fitila ta kama, amma babu kwamfutar da za ta gan ta, domin tana riƙe da lambar wata unguwa. Wanda ya kafa lambar kuma watakila ya bar aikin.

Maman Hanif: Shi ya sa na ce 50, ban ce 105 ba. Ƙasa da inda rabo yake farawa. Maganar canza rauta kuwa, taka hanyar ma sai an sake rubutawa a sabuwar rautar, ko ba haka ba? Ni dai na rubuta lambar a takarda na manna da salatif a murfin firintar, kowa ya zo zai gani.

Injiniya Bala: Haka ne, sai an sake. Bambancin shi ne tawa firintar za ta karɓi lambar da ta dace da sabuwar rauta da kanta, ta yi aiki kafin a zo a gyara. Taki za ta yi shiru. Amma mannen takardar nan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Hukuncina: in rautarka tana da wurin ajiye lamba kuma kai kaɗai ke taɓa ta, bi ta rauta. In MiFi ce ko hannu ya yi yawa a kanta, bi ta Hajiya.

Ɗan Farm Centre: Kuma kowacce ka bi, kar ka mance da ɓangaren kwamfuta, don nan mutane ke tsayawa su ce bai yi ba. Shiga Printer properties, ka danna Ports, sai Add Port, ka zaɓi Standard TCP/IP Port, ka rubuta sabuwar lambar. Ta ƙofa mai lamba 9100 yawanci aikin ke wucewa, Windows zai cike wannan da kansa. In bayan haka tana amsa ping amma har yanzu ana nuna Offline, shiga Configure Port ka cire alamar da ke kan SNMP Status Enabled. Kwamfuta uku gare ka, sau uku za ka yi.

Shamsu Ɗalibi: Ai akwai hanyar da ba a buƙatar lamba sam. In ka bar Windows ya nemo firintar da kansa, yakan sa ta a kan WSD, wanda ke nemanta ko lambarta ta canza. Wayoyi ma haka suke yi, iPhone da AirPrint, Android da Mopria, da suna suke gano ta.

Ɗan Farm Centre: A littafi haka ne, ƙanena. A shago kuwa WSD ɗin nan shi ne rabin ƙorafin da ake kawo mini. Firinta ta yi barci, kwamfuta ta yi shela ba amsa, sai ta rubuta Offline ta zauna. Ga wayar kwastoma da zai buga shafi biyu ya tafi, nema da suna ya wadatar. Kwamfutar da ke aiki safe zuwa dare, kafa mata lamba.

Auwalu Mai Shago: Na bi ta rauta, akwai wurin. Na kwafi MAC ɗin da ke kan takardar da aka manna a bayan firintar, mai ƙarewa da 4E:91, na ba ta 192.168.0.120. Na kashe rauta da firinta na kunna. Yanzu ta zo da 104, ba ta karɓi 120 ba.

Maman Hanif: Firintarka tana da ramin saka wayar sadarwa a baya, irin mai faɗin nan?

Auwalu Mai Shago: Tana da shi, Hajiya, amma ba ma amfani da shi.

Maman Hanif: To MAC biyu gare ta. Ramin waya yana da nasa, waifai yana da nasa, don guntu biyu ne daban. Wanda ke manne a baya sau da yawa na ramin waya ne. Koma kan takardar da ka buga, za ka ga sashe biyu, ɗaya Wired ko Ethernet, ɗaya Wireless. Na ƙarƙashin Wireless za ka ɗauka.

Injiniya Bala: Hajiya ta riga ni. Hanyar da ba ta kuskure ita ce ka duba jerin na'urorin da ke kan rautar yanzu, ka nemi mai 104, ka kwafi MAC ɗin da ke gabansa, domin shi ne wanda rauta take gani. In za ka rubuta da hannu, ka tuna haruffan daga A zuwa F suke tsayawa. Duk abin da ya yi kama da O sifiri ne. Ka kuma lura da 8 da B in tawada ta yi hasken bugu.

Auwalu Mai Shago: Na gani, na Wireless da 7B:0C yake ƙarewa. Na canza, ta karɓi 120, na gyara kwamfutocin uku. Allah ya ƙara basira. Wata tambaya tunda ina cikin rautar: na ga wani wuri MAC Filtering. Maƙwabtan shago sun san kalmar sirrina, data tana ƙarewa kamar ana zuba ta a rariya. In na kunna shi na sa na'urorina kaɗai, na rabu da su?

Ɗan Farm Centre: Zai kori masu sayar da lemo da mai aski, amma ba zai kori yaron da ya san hannunsa ba. MAC a fili yake yawo a iska ko waifai ɗinka yana da kalmar sirri, mai kayan aiki zai gan shi ya ɗora wa kwamfutarsa. Canza kalmar sirri ka sa doguwa, ka bar tsaro a kan WPA2, ya fi maka.

Maman Hanif: Ni ban raina shi haka ba. Maƙwabtan Malam Auwalu ba masu kutse ba ne, masu kallon bidiyo ne. A wajenmu ya yi maganin ɗalibai. Wahalarsa dai ita ce duk sabuwar na'ura sai ka shiga ka rubuta ta, kuma wayoyin yanzu suna da wata ɗabi'a. Tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, waya ba ta nuna wa waifai MAC ɗinta na gaskiya, tana ƙirƙiro na wucin gadi ga kowane waifai don kar a riƙa bin sawun mai ita. In ka kwafi wanda ke cikin About phone ka sa a jeri, rauta ba za ta gane wayar ba, ka kulle kanka a waje.

Shamsu Ɗalibi: Ana iya gane na wucin gadin ma. Duba harafi na biyu daga farko, in ya kasance 2, 6, A ko E, to ba na kamfani ba ne, na'urar ce ta ƙirƙira.

Injiniya Bala: Wannan karon karatun ya yi rana, Shamsu. Malam Auwalu, in ka canza kalmar sirrin, firinta za ta faɗo daga waifai sai ka sake shigar mata da sabuwar. Lambarta 120 ba za ta taɓu ba tunda MAC ɗin bai canza ba. Kwastomomi kuma kar ka sa su a kan Guest, wato waifai na baƙi da ke cikin rautar, ka yi tsammanin za su ga firinta, an gina shi ne don ya raba baƙo da na'urorin gida. Ka kunna musu Wi-Fi Direct a firintar, za su ga suna mai farawa da DIRECT, su haɗa kai tsaye ba tare da sun taɓa datarka ba. Sa masa tasa kalmar sirrin, in ba haka ba za ka tarar da tire cike da hotunan biki.

Ummi Tela: Sannunku da ƙoƙari. Ku ba ni aron wurin nan in yi tawa tambayar. Ni ba ni da rauta, da hotsifot ɗin wayata nake haɗa laftof da firinta ina buga zanen ɗinki. Takardar bayananta ta nuna IP 169.254.37.12, laftof kuma ba ta ganinta.

Injiniya Bala: 'Yar uwa, duk lambar da ta fara da 169.254 ba wanda ya ba na'urar, ita ta laƙaba wa kanta bayan ta nemi aro ba a amsa mata ba. Ma'ana firintarki ba ta hau hotsifot ɗin ba tukuna, ko ta hau ta faɗo. Kar ki ɓata lokaci kina rubuta wannan lambar a laftof. Duba abu biyu: kalmar sirrin da kika shigar mata, manya da ƙananan haruffa, da kuma zangon da wayar take watsawa. Firintoci da yawa 2.4 GHz kaɗai suke ji, in wayar tana kan 5 GHz ba za su ma ga sunan ba.

Ummi Tela: In ta hau, zan iya kafa mata lamba kamar yadda Maman Hanif ta ce?

Ɗan Farm Centre: Anti, wace waya ce? A tsofaffin Android hotsifot kullum 192.168.43 yake bayarwa, kafa lamba tana yiwuwa. Sababbin kuwa suna iya sauya jerin in an kashe an kunna, lambar da kika kafa yau gobe ta zama ta wata unguwa, kuma babu wurin ajiye lamba da MAC kamar a rauta. A irin wannan, bar firintar a Automatic, ki bar laftof ta nemo ta da suna, ko ki haɗa su ta Wi-Fi Direct. Nan kam maganar Shamsu ce ta ci.

Ummi Tela: iPhone ce, ta hannu na saya.

Ɗan Farm Centre: To tata lambar da 172.20.10 take farawa, in kin ga haka a takardar kin san ta hau. Shiga Personal Hotspot, in 12 ce ko sama da haka za ki ga Maximize Compatibility, ki kunna shi, zai mayar da ita 2.4. Ki bar wannan shafin a buɗe a fuskar wayar, sannan ki je allon firintar ki sake neman sunan.